Yadda Ake Tsara Rumfar Taro Wadda Za A Iya Kwancewa A Kai Wani Wuri

Babu unguwar da wata zai shuɗe ba a nemi inuwar tara jama'a ba. Yau ɗaurin aure, jibi zaman makoki, ga tafsirin azumi, ga saukar ɗalibai, ga ranar rigakafin yara. Galibi kanofi ake hayowa, a kafa shi cikin gaggawa, a ɗaure ƙafafunsa da dutse ko a bar su haka nan, mutane su zauna a ƙarƙashin tampol mai turara zafi suna fifita da hula. Kuɗin hayar da ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci ke kashewa a 'yan shekaru zai iya yi musu rumfa tasu ta kansu, wadda za ta fi sanyi, ta fi aminci, ta kuma canja siffa gwargwadon taron da ya zo. Sharaɗin kawai shi ne a tsara ta da tunanin ranar kwancewa tun kafin ranar kafawa. Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan ya samo tushe.

Ku fara da mutane, ba da ƙarfe ba

Kafin ku je wajen mai walda, ku zauna ku rubuta irin tarukan da kuka yi a bara, da kimanin yawan mutanen kowanne, da yadda suka zauna. Zama iri-iri ne, kuma kowanne da filin da yake ci. Mai sallah yana bukatar wajen santimita 60 a faɗi da 120 a tsawo. Mai zama a kujera cikin layi, idan aka haɗa da hanyar wucewa, yana cin kusan kashi 8 cikin 10 na murabba'in mita. Idan kuwa walima ce da tebura, ku ba kowane mutum kusan murabba'in mita ɗaya da rabi.

Kada ku yi rumfa don taro mafi girma da kuka taɓa yi. Ku yi ta don taron da ya fi yawan maimaituwa, ranar babban taro ku ƙara da haya. A misalin da zan bi a nan, mu ɗauka kuna son inuwar mutum 120 a kan kujeru, wato fili kusan murabba'in mita 100.

Sannan ku tambayi mata. Sau da yawa kwamiti maza ne zalla, sai a gama rumfa a tarar ɓangaren mata ba shi da ƙofarsa, ko an tura su gefen da rana ke dukansu da la'asar. Ku tambayi tsofaffi da masu keken guragu ta ina za su shiga. Amsoshin nan su ne za su nuna muku inda labule zai tsaya da inda hanya za ta bi.

Ku bar kayan kasuwa da motar ɗauka su yanke muku awo

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ana sayar da bututun ƙarfe a tsawon kusan mita 6. Idan kuka zana rumfa da awon da ya zo muku a kai, za ku sayi ƙarfe ku zubar da guntaye. Idan kuka bar tsawon bututun ya jagorance ku, ba abin da zai lalace. Dabarar tsohuwa ce. Babban zauren gilashin da Joseph Paxton ya tsara don baje kolin duniya na Landan a 1851, wanda tsawonsa ya haura mita 500, an fitar da awonsa ne daga girman fallen gilashin da masana'anta ke iya yi a lokacin. Shi ya sa aka iya kafa shi cikin watanni, bayan an tashi daga baje kolin kuma aka kwance shi aka sake kafa shi a Sydenham, kudancin birnin.

Ga yadda za ku yi da naku. Ku raba bututu ɗaya biyu, ku sami sanduna biyu na mita 3, su ne za su zama haƙarƙarin rufi, ɗaya dama ɗaya hagu, su haɗu a ƙololuwa. Idan ƙololuwar ta ɗara kan ginshiƙai da mita 1, faɗin rumfar zai kama kusan mita 5.6, gangaren rufin kuma ya isa ruwa ya sauka da gudu. Wani bututun ku fitar da ginshiƙai biyu na mita 2.5, ragowar mita 1 ta zama tokara. Ginshiƙai biyu da haƙarƙari biyu sun ba ku firam ɗaya. Ku jera firam-firam da tazarar mita 3, ku haɗa su da sanduna na mita 3 a ƙololuwa da kafaɗu biyu. Tsakanin firam da firam ya zama ɗaki ɗaya mai kusan murabba'in mita 17: kujeru 20, ko masallata 23, ko masu cin abinci a tebur 11. Ɗaki shida sun ɗauki mutum 120.

Ɗaki shida a jere firam 7 suke bukata, amma ku yi 9. Da firam 9 za ku iya raba rumfar gida uku, kowacce mai ɗaki biyu, a kafa ɗaya a ƙofar gidan rasuwa, ɗaya a makaranta, ɗaya ta zauna a ajiye. Waɗannan firam biyu na ƙari su ne bambancin rumfa mai siffa ɗaya da rumfa mai amsa kowace bukata.

Ƙa'ida biyu nake so ku riƙe: kada wata sanda ta wuce mita 3, kada kuma ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Bututu mai kusurwa huɗu na inci 2, mai kaurin milimita 2, nauyinsa kusan kilo 3 ne a kowace mita, don haka ginshiƙi ɗaya bai kai kilo 8 ba. Komai zai shiga akori-kura, zai hau amalanke, zai kuma bi lungu a kafaɗa. Kada mai walda ya lallashe ku da bututu mai sirara don sauƙin kuɗi. Kuma idan kuna da injiniyan gini a unguwa, ku kai masa zanen ya duba kauri da tokara kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Wanda ba ya son ƙarfe zai iya yin wannan tsari da gora ko gwangwala, kamar yadda iyayenmu suka yi da dirka da tanka da zana. Ta fi sanyi, ta fi araha, sai dai faɗinta ba zai kai haka ba, kuma gara da ruwa ba sa raga mata.

Mahaɗa

Rumfa mai tafiya a mahaɗarta take rayuwa ko ta mutu. Duk walda a shago za a yi ta, ba a filin taro ba. Mai walda zai yi muku mahaɗai iri uku: ta ƙololuwa, ta kafaɗa, da farantin ƙafa. Kowacce guntun bututu ne mai ɗan faɗi wanda sanda za ta shige ciki kamar santimita 15, a zura ƙusa mai noti ta riƙe.

Ku dage a kan noti iri ɗaya a duk rumfar, wanda sifana lamba 17 ke ɗaurewa, don kada a tsaya neman sifana uku da asuba. Ku dage kuma a huda ramuka da ma'auni guda, wato a yi wani ƙarfe na gwaji a riƙa ɗora shi a kan kowace sanda kafin a huda. Idan aka huda da ido, kowace sanda za ta zama tana da wurin da ta sani, ranar da aka musanya ta sai a koma dukan ƙarfe da guduma, daga nan rumfa ta fara tsufa. Bayan jan fenti mai hana tsatsa, ku shafa launi a bakin kowace sanda: ginshiƙai shuɗi, haƙarƙari kore, sandunan haɗi rawaya. Yaron da bai taɓa ganin rumfar ba zai gane abin da ke shiga ina.

Firam mai kusurwa huɗu ba ya tsayuwa da kansa, yana karkata. Kusurwa uku ce ke tsayar da shi. Ku sa tokara tsakanin kowane ginshiƙi da haƙarƙarinsa, ku ja wayar ƙarfe daga kafaɗa zuwa kafaɗa don kada nauyin rufi ya buɗe ƙafafu, sannan a ɗakin farko da na ƙarshe ku gicciya waya biyu a gefe da kuma cikin rufi.

Iska

A nan zan daɗe, domin a nan rai yake. Mutane suna tsoron kada rumfa ta faɗo, alhali abin da ya fi faruwa shi ne ta tashi. Iska tana shiga ƙarƙashin rufi ta ɗaga shi sama, ta kifar da ƙarfe a kan jama'a. Kuma ƙarfinta ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana matsa kowane murabba'in mita da kusan kilo 6. Mai gudun kilomita 72, irin wadda ke zuwa a gaban hadarin farkon damina, kusan kilo 25 ce.

Ku lissafa da rumfarku. Murabba'in mita 100 sau kilo 25 ya ba da tan biyu da rabi. Ku raba wa ginshiƙai 14, kowanne ya tashi da kusan kilo 180. Wannan lissafi ne na kusa, injiniya ma zai ƙara a kai don kariya, amma ya isa ya nuna muku cewa bulo ɗaya ko jarka mai lita 25 a gindin ginshiƙi ba komai ba ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duro mai lita 200 cike da ruwa, ɗaure tam da kafaɗar ginshiƙi, shi ne ya kusa abin da ake bukata. Idan ba ku son duro, ku zuba kankare mai santimita 40 da 40 da 30, ku dasa masa zoben rodi. Kowanne zai kai kilo 115, ku ba kowane ginshiƙi biyu.

Inda ƙasa take da tauri kuma an yarda a huda ta, turke ya fi sauƙi. Ku yanka rodi mai kauri tsawon santimita 80 zuwa mita 1, ku kafa shi nesa da ginshiƙi kamar mita ɗaya da rabi, kansa ya ɗan karkata ya ba rumfa baya, ku ja igiya daga kafaɗa zuwa gindinsa. Bel ɗin da direbobi ke ɗaure kaya da shi ya fi igiyar roba, don ana iya ƙara masa tauri. A rairayi ko ƙasar da ta sha ruwa turke yana zarewa, a nan sai a haɗa biyu ko a koma ga nauyi. Ku ɗaura ƙyalle mai haske a kowace igiya saboda yara da masu tafiya da dare.

Ku san kuma ta ina iskarku ke zuwa. A ƙasar Hausa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa. Rumfar da aka rufe mata gefen yamma aka bar gabas a buɗe ta zama buhu, iska ta shiga ba ta da mafita. Ko dai a bar ɓangarorin biyu a buɗe, ko a rufe wanda iska ke bugowa.

Duk da haka, babu turken da zai sa rumfar wucin gadi ta zama gini. Ku naɗa mutum ɗaya tun kafin taro wanda aikinsa duban sama ne, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Idan gabas ta yi baƙi, a sallami jama'a su shiga gini, a cire labule, in da lokaci a sauke tampol. Rumfar ƙarfe a fili ba mafaka ba ce lokacin tsawa. Na san da nauyi a katse malami yana tsakiyar karatu ko a tashi baƙi daga kan abinci, amma wannan nauyin ya fi sauƙin ɗauka.

Rufi, zafi da ruwa

Tampol mai duhu yana shan rana ya sauke ta a kan mutane. Ku sayi fari ko mai haske, mai kauri, a ɗinka shi ɗaki-ɗaki maimakon falle guda babba, kowane falle ya hau kan na kusa da shi kamar santimita 20. Ƙaramin falle yana naɗuwa da sauƙi, in ya yage shi kaɗai za a gyara.

Sirrin sanyi rufi biyu ne. A ƙarƙashin tampol, da tazarar kamar kamu ɗaya, ku rataya zana ko asabari ko farin yadi. Zafin da tampol ke fitarwa zai tsaya a tsakani, iska ta kwashe shi. Ku bar bakin rumfar na sama a buɗe ta kowane ƙarshe don iska mai zafi ta sami hanyar fita. A rani, lokacin da ba a tsoron ruwa, ku ajiye tampol gaba ɗaya ku rufa zana ko ragar inuwa. Ta fi sanyi nesa ba kusa ba, kuma iska na ratsa ta.

Ruwan sama na milimita 30 a kan rufin nan lita 3,000 ne, duro 15. Idan tampol ya saki ya yi kwari, ruwan zai taru a wurin har ya lanƙwasa ƙarfe. Don haka a ja shi ya yi tauri, a ƙara sanda ɗaya a tsakiyar kowane gangare. Idan kun jera rumfa biyu gefe da gefe, ku rataya kwararo a tsakaninsu ya kai ruwan cikin duro. Francis Kéré, masanin zanen gine-gine ɗan garin Gando na Burkina Faso, ya mayar da wannan matsala ado a rumfar da ya tsara wa gidan baje zane na Serpentine a Landan a 2017. Ya ɗauko siffar daga bishiyar da mutanen garinsu ke taruwa a gindinta, ya bar tsakiyar rufin a buɗe, ruwa na gangarowa ta nan cikin ɗan tsakar gida. Tun shekara ta 2000 ake kafa sabuwar rumfa a lambun wannan gidan baje zane kusan kowace shekara, ta yi 'yan watanni a kwance ta.

Siffofi

Da ɗakuna shida da labulen zana masu ƙugiya, ku gwada siffofi a takarda tun yanzu. Dogon layi ya dace da tafsiri da lacca, amma ku sa mai magana a tsakiyar dogon gefe, ba a can ƙarshe ba, don na baya kada ya yi nisan mita 18. Idan za a yi sallah a ciki, dogon gefen ya fuskanci alƙibla, wadda daga Kano ko Zinder gabas ce da ɗan karkata arewa. Don walima, ku kafa rumfuna uku su kewaye fili ta gefe uku, tsakiya ta zama wurin raba abinci. Don rigakafi ko duba marasa lafiya, ku raba su: wurin jira, wurin ganin ma'aikaci da labule kewaye, wurin hutawa.

Wuta

A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina ta kashe alhazai sama da 300, bayanta ne Saudiyya ta sauya tantunan da wasu da aka yi da yadin da ba ya kama wuta da sauƙi. A 1995 a garin Dabwali na Indiya, wuta ta kama rumfar bikin wata makaranta, mutane sama da 400 suka rasu, da yawansu yara, saboda mafita ta yi kaɗan. Zana da tampol duk abincin wuta ne. Girki ya yi nesa da rumfa, ta ɓangaren da iska ba za ta kawo tartsatsi ba. Janareta ma a waje can, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Wayar lantarki ta bi sama, a ɗaure ta da abin da ba ƙarfe ba, kada a bar haɗi tsirara ya taɓa firam. Kowace rumfar da aka kewaye ta kasance da ƙofa biyu aƙalla a ɓangarori daban-daban, faɗin kowacce ya kai mita ɗaya da rabi, kada a jera takalma ko babura a bakinsu. Ku ajiye abin kashe gobara da bokitan yashi inda kowa ke gani.

Ranar kafawa

Ku je ku ga filin tun ana gobe. Ku ɗaga kai ku duba wayar wuta, domin ɗaga sandar ƙarfe kusa da ita ya hallaka mutane da dama. Ku tambaya ina bututun ruwa da ramin shadda suke kafin a buga turke. Ku sanar da mai unguwa da maƙwabta, kuma in a kan titi ne, a bar hanyar da mota za ta wuce da mara lafiya. Farin cikin gida ɗaya bai kamata ya toshe wa unguwa hanya ba.

Ku ja igiya ku fitar da kusurwa: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, idan tsakaninsu ya ba da 5 kusurwa ta daidaita. Ku ajiye farantan ƙafa a wurarensu, inda ƙasa ta yi kwari a sa katako mai faɗi. Ku haɗa rufin a ƙasa, ku shimfiɗa tampol a kansa tun yana ƙasa-ƙasa, sannan mutum shida su ɗaga gefe ɗaya a zura ginshiƙai, a koma ɗaya gefen. Da zarar ɗakin farko ya tsaya, a sa masa tokara da igiya kafin a taɓa na biyu. Kada a ce bari a gama duka sannan a ɗaure. Noti a fara ɗaure shi sako-sako, sai komai ya zauna a bi a ƙarfafa.

Kafin taro na gaske, ku yi kafawar gwaji a filin makaranta da matasan da za su riƙa aikin. A nan za ku gano ramin da bai dace ba da sandar da ta yi gajarta, mai walda ya gyara tun kuɗinsa bai gama fita ba.

Kwancewa da ajiya

Kwancewa juyin kafawa ce: labule da wayar lantarki su fara sauka, igiya da tokara su zama na ƙarshe. A ƙirga kowane yanki da takardar lissafi kafin mota ta tashi, noti su koma akwatinsu, a zare duk turke a cike ramukan. Tampol ko zana da suka jiƙe a shanya su su bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba za su yi fumfuna su ruɓe. Ƙarfe ya hau kan katako a ɗakin ajiya, kada ya kwanta a ƙasa.

Ku ɗora alhakin kayan a kan mutum ɗaya da littafi: wa ya ɗauka, yaushe, me ya dawo. Ku sa ɗan kuɗin haya ga masu biki, a yafe wa gidan rasuwa, kuɗin ya shiga asusun gyara. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwan farko, a fito da komai a duba walda ko ta tsage, a kankare tsatsa a sake fenti, a sauya igiyoyin da rana ta cinye da duk sandar da ta lanƙwashe.